Maganin Auta a Fuskata

Ranar Talatar da ta wuce, a motar haya daga Abuja zuwa Suleja, na zauna kusa da wata mata da ta ɗora 'yarta a cinya. Tun daga tasha yarinyar ke susar bayan gwiwarta, ƙarat-ƙarat, farce a kan busasshiyar fata. Uwar ta bige mata hannu, ta daina, can kuma ta koma. Sauran fasinjoji ko a jikinsu. Ni kuwa na san sautin nan kamar yadda na san muryar mahaifiyata, don da shi na girma, kuma har muka wuce Zuba ban iya ɗaga kai ba. Zan gaya muku dalili, ko da yake ba labari ba ne da zai ƙara mini daraja a idonku.

Mu ba 'yan asalin Suleja ba ne. Baba daga wani ƙauye ya fito a ƙasar Zazzau, ya sami aikin masinja a wani ofis a Abuja. Hayar ɗaki a can ba ta irinsa ba ce, sai ya kama mana ɗaki biyu a wani gidan haya a unguwar Wambai a Suleja. Gida ne mai rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya, sirri kuwa babu ko ɗaya. In ka yi tari a ɗakinka, maƙwabci ne zai ce maka sannu. Mu biyar ne: Baba da ke fita da an sallame sallar asuba, Umma da ke sayar da zoɓo da kunun aya da ƙanƙara daga firizarta, ni babba, ƙanwata da muke kira Auta, sai Iya, mahaifiyar Baba, wadda ta zo jegon Auta ta zauna.

Auta ba ta cika wata huɗu ba ciwon ya fara mata a kumatu. Daga baya ya sauka wuya, ya shiga lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Fatar ta bushe, ta yi kaushi, ta tsattsage, in ta sosa ta yi ruwa. Da bazara gumi ya tayar da shi, da sanyi bushewa ta tayar da shi, damina ce kawai take ɗan sarara mata. Kowa a gidan nan likita ne. Wannan ta ce ƙazuwa ce, waccan ta ce ƙyasbi ne, wata ta ce nonon Umma ne ba shi da kyau. An dafa darbejiya an yi mata wanka, an dirje ta da sabulun salo da soso har tana shiɗewa, an shafa abubuwan da ni kaina ban san sunansu ba. Matan gidan suka riƙa janye 'ya'yansu in ta rarrafo, aka ware mana bokitinmu a bakin rijiya.

Sai da ta shekara biyu aka kai ta asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Malamar asibitin, wata doguwar mata mai Hausar 'yan kudu, ta ce sunan ciwon egzima. Ta ce ba a ɗauka, ba ƙazanta ba ce, kuma ba ya warkewa dare ɗaya, lallaɓa shi ake yi shekara da shekaru. Ta hana soso, ta hana sabulu mai ƙamshi, ta hana kayan leda masu sa gumi. Ta rubuta wani kirim da za a saya a kemis, ɗan ƙaramin bututu mai laushi irin na man goge baki, ta ce ɗaya ya isa wata guda in an bi ƙa'ida.

Ku da ba ku yi jinyar irin wannan ciwo ba, za ku ce ai ƙaiƙayi ne kawai. Ƙaiƙayi ne, amma yana cin tuwo tare da mutanen gida. Kuɗin bututu ɗaya ya kai kuɗin motar Baba na kwana uku. Ga sabulun da ba ƙamshi, wanda ya fi mai ƙamshin tsada, abin da har yau ban gane hikimarsa ba. Ga maganin ƙaiƙayi na sha, ga kati, ga ruwan 'yan garuwa da ake saya mata don na rijiyarmu yana da gishiri-gishiri yana ƙara busar da ita. Baba ya koma sauka a bakin titi ya ƙaraso gida da ƙafa maimakon ya hau acaɓa. Nama ya koma ranar Juma'a kawai. Ba wanda ya taɓa cewa saboda Auta ne, amma kowa ya sani.

Shafa maganin aikin Iya ne, kuma ta ɗauke shi da girma. Umma tana fama da tukunyar zoɓo tun safe, don haka Iya ce ke yi wa Auta wanka, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki kafin rana ta yi zafi. Ta wanke hannu, ta yi bismillah, ta matso kirim ɗin a kan yatsarta manuniya, daga kan yatsa zuwa gaɓar farko, yadda malamar asibiti ta nuna mata. Ta bi wuraren ciwon ɗaya bayan ɗaya, sannan ta rufe jikin duka da man kaɗanya da take saya wurin matan Gwarawa na ƙauyen Maje, wanda take ajiyewa a rana cikin gwangwani ya narke. Ƙarshen bututun kuwa nannaɗe shi take yi a jikin tsinken tsintsiya don kada ko ɗigo ya maƙale. In ya ƙare ta tsaga cikinsa da reza ta kankare. Iya ba ta san ko bihim a boko ba, amma in mai kemis ya ba Baba wani kwalin daban, daga nesa za ta ce a mayar. A hannunta Auta ta fara samun sauƙi, har aka daina ware mana bokiti.

To, a nan na shigo labarin.

Shekarata goma sha uku lokacin. Baƙa ce ni wuluk irin Baba, ga ƙurajen balaga sun cika mini goshi, ga ƙawaye a islamiyya da ba sa raga wa kowa. Wata rana wata amarya 'yar gayu da ke haya a ɗakin ƙarshe ta tsaya kan Iya tana shafa magani, ta leƙa wuyan Auta inda fatar ta yi haske fiye da sauran jikin, ta ce, “Iya, wannan kirim ɗin ai shi ake nema a gari. Yana wanke fata tas, ya kashe ƙuraje.” Iya ta ce, “Mu dai ciwo muke wankewa, 'yar nan.” Aka yi dariya aka watse. Ni ban yi dariya ba, ina gefe ina tankaɗe, maganar ta zauna mini daram a zuciya.

Iya tana ajiye bututun cikin gwangwanin goronta a ƙarƙashin filo. Sallar azahar ɗinta doguwa ce, in ta idar kuma sai ta ja carbi tana gyangyaɗi. Ranar farko ƙwayar gero na matsa, na shafa a goshi gaban ɗan madubin Umma. Ba abin da ya faru, ba wanda ya gani. Kafin sati biyu ƙurajen suka kwanta. Sai na ƙara da kumatu, na ƙara da haɓa, na gangara wuya da bayan hannu. In na gama sai in ƙara wa tsinken nan naɗi ɗaya, in mayar inda na ɗauko.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban ji daɗi ba. Na ji, sosai ma. Matan gida suka fara ce wa Umma, “Kai, 'yarki tana wankewa, girma ya zo.” Umma, da yake ni 'yar fari ce ba ta ko kama sunana, sai ta kau da kai ta ce, “Wannan ɗin?” Ƙawayen da ke kirana gawayi suka koma tambayata sabulun da nake wanka da shi. Ina tafe ina jin kaina wata tsiya.

Bututun da ke yin wata ya koma yin sati uku, sannan sati biyu. Idon Iya ya fara yin yana a lokacin, don haka kanta ta fara zargi. Na sha ganinta tana ɗaga bututun saitin haske tana jujjuya shi, tana magana ita kaɗai. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, don ya kai ƙarshen wata, sai ta fara rage na Auta. Gaɓar yatsa ta koma rabin gaɓa, wasu wuraren ma man kaɗanya kawai take shafawa. Ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Ina jin Auta tana susa tana kuka, ni kuma ina jiran azahar.

Karo na uku da magani ya ƙare kafin lokaci, Baba ya ce a koma asibiti a ji ko lafiya. Ni na raka Iya, ina riƙe da kati, ita tana goye da Auta. Benci cike yake da mata masu awon ciki da masu rigakafi. Malamar asibiti ta duba katin, ta duba jikin yarinya, ta ƙirga kwanaki da yatsa, sai ta cire tabarau.

“Mama, bututu uku a sati bakwai? Wannan ba man shafawa ba ne fa, dis tin na medisin, magani ne. Small small na ce miki. In ya yi yawa yana cinye fatar yaro, ta zama kamar takarda. Kina so ki lalata jikarki?”

Iya ta ce, “Yadda kika nuna mini nake yi, 'yata.”

“To ina yake zuwa? Sha kuke yi?”

Matan benci suka kwashe da dariya. Iya, tsohuwar da ko Baba ba ya haɗa ido da ita, ta sunkuyar da kai tana gyara goyo. Ni ina tsaye a bayanta da fuskata mai sheƙi cikin hijabi, amsar tambayar tana manne a goshina. Malamar ba ta yi laifi ba, abin da ta gani ta yi wa hukunci. Ta ce tunda an yi ta zabga magani ciwo bai kwanta ba, a dakatar da shi sati biyu fatar ta huta. Baba ya ji haka ya ce to. Ko da ma ba a ce ba, wata bai ƙare ba, aljihunsa ba komai.

Ranar Alhamis ta satin nan Iya ta kira ni kitso. Na cire hijabi da ɗankwali na zauna tsakanin ƙafafunta. Ta fara tsaga, sai na ji hannunta ya tsaya. Ta kama haɓata ta juyo da fuskata wajen haske, ta daɗe tana kallo da idon nan nata mai yana. Ta kama kunnena, ta sake kallon kumatuna.

“Ƙawata,” in ji ta, haka take kirana, “kunnuwanki sun ƙi bin fuskarki.”

Na buɗe baki zan yi rantsuwa, ta ɗora yatsa a leɓena.

“Kada ki haɗa da Allah. Ki bari haka nan, kin ji? Gidan haya muke, mace ce ke, wata rana tambayar halinki za a zo yi a gidan nan. Ni na riga na tsufa, abin da aka ce da ni ba zai hana ni komai ba.”

Ta juya mini kai ta ci gaba da kitsonta. Ba ta ja gashin da ƙarfi ba, da ma ta ja.

Sati biyun nan ba su cika ba. Bazara ce, zafin Suleja irin mai sa mutum ya tsani rigarsa. Auta ta sosa bayan gwiwoyinta da wuyanta har suka buɗe, suka yi ruwa, suka yi ɓawon rawaya, suka fara wari. Zazzaɓi ya rufe ta, ƙafa ɗaya ta kumbura ta kasa takawa. Daga asibitin unguwa aka tura mu babban asibiti, aka ba ta gado, kwana tara ana yi mata allura ta jijiya. Ina kai abinci da rana, in tarar an ɗaure mata hannuwa cikin safa don kada ta sosa, tana kallona tana cewa, “Yaya, sosa mini.” A satin nan aka zo da baro aka fitar da firizar Umma, an sayar don kuɗin asibiti. Na tsaya ina kallon inda take a da, siminti ya yi fari murabba'i, Umma kuwa ta shige ɗaki ta saki labule. Ba ta ƙara sayar da zoɓo ba sai bayan shekaru, a cikin kula, da ƙanƙarar saye.

Umma ba ta taɓa ɗaga wa Iya murya ba, surukarta ce, akwai kunya. Amma da aka sallamo Auta, sai ta ɗauke tabarmarta daga ɗakin Iya ta mayar nata ɗakin. Sabon bututu ya shiga akwati, makulli ya koma bakin zaninta. Da safe Iya ta kan fito da gwangwanin man kaɗanyarta ta ajiye a rana kamar kullum, ta zauna, har man ya narke ba a miƙo mata yarinya ba. Gaisuwa ta koma “ina kwana” da “lafiya lau”. Baba ya shiga tsaka mai wuya. Sau nawa na tashi da niyyar in faɗa, in je har ƙofar ɗakin Umma, in ga bulalar Baba a rataye, in tuna matan gida da bakinsu, in ce gobe. Fuskata kuwa da na daina shafawa ta rama abin da aka yi mata, ƙuraje suka dawo ninki biyu, na fi da baƙi. Aka ce zafi ne.

Da damina ta ɗauke Iya ta ce za ta je ganin gida. Ba ta dawo ba. Bayan shekara uku aka aiko ta rasu. Na yi kuka a zaman makoki har mata suna cewa yarinyar nan ta shaƙu da kakarta.

Yau shekara ashirin ke nan da 'yan kai. Auta ta yi aure, amma ciwon bai sake ta ba, yana tafiya yana dawowa, kuma har yanzu kirim da sabulu suna cikin lissafin cefanenta na wata. Tabon wancan karon yana nan baƙi ƙirin a wuyanta da bayan gwiwa, ƙafar da ta kumbura kuma in ta daɗe a tsaye sai ta yi mata tsami. Lokacin aurenta sai da dangin miji suka aiko a tambaya ko abin ana ɗauka. Garin ma ya sake. Kemis ya cika kowane lungu, kirim irin wanda na sata ana jera shi a tire a kasuwa, yara mata masu shekaruna na wancan lokacin suna saye ba mai tambayarsu. Maje da ake kawo mana man kaɗanya, bulo ya cinye gonakin, itatuwan kaɗanyar sai ɗai-ɗai. A can Baba ya yi mana ɗaki uku kafin ya rasu, ya tafi yana ganin mahaifiyarsa ce ta kusa kashe masa 'ya da ganganci irin na tsufa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata magana da ta zauna a gidanmu. In gishiri ya yi yawa a miya, ko aka cika wa jariri hoda, sai a ce, “Kin yi hannun Iya.” Wasa ne, kowa yana faɗa. Ni ma na faɗa, na yi dariya, ba sau ɗaya ba.

Watan jiya muka haɗu a Maje wurin Umma, ni da Auta da yaranmu. Ƙaramar 'yata ta gado ciwon, ina zaune a tsakar gida bayan la'asar ina shafa mata magani, sai ya ɗan zubo da yawa. Babbar 'yata, mai shekara shida, wadda ko hoton Iya ba ta taɓa gani ba, ta tafa hannu ta ce, “Mama ta yi hannun Iya!” Umma da Auta suka yi dariya. Na kalli yarinyar nan, na ga iyakar abin da za ta sani game da matar ke nan, ita ma ta koya wa nata 'ya'yan.

Na ce, “Umma, Iya ba ta taɓa cika magani ba. Ni ce nake sata ina shafawa a fuska. Ta gane, ta rufa mini asiri.”

Na faɗi komai, kaina a ƙasa, da azahar ɗin da tsinken da kitson. Auta ta shafa wuyanta, ta ce, “Yaya, ai ke ma yarinya ce lokacin. Allah ya yafe mana.” Na so a ce zagina ta yi.

Umma tana tsince shinkafa a faranti. Ta ajiye farantin a hankali, ba ta kalle ni ba.

“Ba ganin gida ta je ba,” in ji ta. “Ni na ce wa babanku ya zaɓa, ko ita ko lafiyar 'yata. Ranar da za ta tafi ta zo har bakin rijiya ina wanke-wanke, ta ce mini, ‘Uwar yara, a yafi juna.’ Ban ɗago ba.”

Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, da sauri, kamar mai son a wuce wurin. Sannan ta ɗago ta dube ni, idonta ya kaɗa.

“Ke kin sami waɗanda za ki roƙa, ga ni, ga ƙanwarki. Ni fa, wa zan roƙa?”